Hoton Wuyan Yaya Barakatu

Duk wanda ya shiga ɗakin yayata Barakatu a Dagumawa, kafin ya gama gaisuwa ta nuna masa hoton. Yana nan jingine a tsakiyar jeren kwanukanta, ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba, ta sa an yi masa gilashi kamar hoton aure. Babu fuska a ciki, babu mutum, sai duhu-duhu da fari-fari kamar an watsa toka a kan baƙin zane. Sai ta ce, "Wuyana ne ta ciki. Sabo ne ya kai ni har Ikko a jirgin sama aka ɗauka." Mata su yi ta sa mini albarka, suna cewa kowa ya samu ƙane irina ya gode wa Allah. In ina wurin sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce irin ta wanda ake yabo. Ni kaɗai na san abin da hoton nan ya ci.

Ni ne Sabon da take faɗa. Sana'ata shanu. A karar Wudil na tashi, tun ina riƙe wa mutane igiya har na zama dillali, har na fara sayen nawa. Da zamanin Udoji ya zo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi ya shiga hannun mutanen Ikko, suka buɗe baki suna cin nama kamar ba gobe. Kowace Juma'a sai na cika tirela. Na gina gida a Sabon Gari, na sayi Fijo fara, na fara sa shadda ko da zan shiga cikin kashin shanu ne. Ban ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. A shekarun nan ina ganin babu ƙofar da aljihuna ba zai buɗe ba.

Yaya Barakatu ta girme ni da shekara goma sha biyu. Innarmu ta rasu ba a yaye ni ba, ita ta goya ni, ita ta dama mini koko, har ɗakin mijinta da ni aka kai ta. Da mijin ya rasu sai ta kama man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kowace Juma'a takan ɗora garwar mai a ka, ta tako daga Dagumawa zuwa kasuwar Wudil, ta sayar, ta tako ta koma. Da na yi mota na ce direba ya riƙa ɗauko ta, ta ce in riƙe abata. "Ƙafata ce jarina, Auta," in ji ta. "Ranar da na daina taka ta, ka tabbata na gama." Auta take kirana har yau, ga furfura a gemuna.

Ciwon ya fara mata a hankali. Ƙasusuwa su yi ta ciwo, ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa, ga kasala. Sau biyu ta yi fitsarin tsakuwa. Mace mai kaifin kai irinta ta fara manta inda ta ajiye ludayi. Shekara biyu cur tana wannan hali. Ni kuma me na yi? Na ce sanyin ƙashi ne da tsufa. Na aika mata ƙwayoyi daga kemis, na aika atamfa, na aika buhun shinkafa. In na je duba ta, sai in tsayar da mota a ƙofar gida ban kashe ba, in shiga da takalmina, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta.

"Yaya, ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi, Auta. Shigo mana ka zauna."

"Wallahi sauri nake, ana jirana a kara. Allah ya ƙara sauƙi."

Shi ke nan na fita. Kuma a raina ina ganin na yi zumunci, tunda ga shinkafa can a jingine.

Matata Hansai ce ta fara yi mini magana, ta ce ciwon Yaya ya wuce kemis. Na ce mata ta bar ni da tsegumin mata. Ba a yi wata ba sai aka aiko cewa Yaya ta karye a wuyan hannu. Ba faɗuwa ta yi ba, tulu kawai ta ɗaga. Mai ɗorin da aka kira, tsoho ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, ya ɗaure hannun, sannan ya ja ni gefe. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa kama ƙashi irin wannan ba, yana jin sa a hannu kamar karan dawa da ya sha ruwa. Ya ce in kai ta asibiti, wannan ba nasa ba ne. In mai ɗori ya tura ka asibiti, ai ka san magana ta girma.

Na kai ta babban asibiti a Kano. Aka kwantar da ita, aka ɗebi jini sau biyu, aka ɗauki hoton ƙashin hannuwanta. Bayan kwana shida likitan tiyata ya aiko a kira ni. Sunansa Likita Halliru, wani siriri mai sanƙo, rigarsa ta koɗe a wuya. Na dube shi na dubi shaddata, na riga na yanke masa farashi a zuciyata. Ita Yaya tana can kan gadonta, ba a kira ta ba. Haka ake yi a lokacin, da namijin da ya kawo majiyyaci ake magana, shi zai san abin da zai gaya mata.

Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen Wudil. Sannan ya ɗaga hoton hannun a hasken taga ya nuna mini yadda bakin ƙasusuwan yatsunta suka zaizaye kamar gara ta ci azara.

"Alhaji, mun gano ciwon," in ji shi. "A nan wuya, bayan inda maƙoƙo kan fito, akwai wasu 'yan ƙwayoyi guda huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Su ke kula da ƙarfin ƙashi. Ɗaya daga cikin nata ta kumbura, tana kwashe ƙarfin ƙashinta tana zubawa cikin jini. Shi ne ƙishirwar, shi ne tsakuwar, shi ne mantuwar. In aka cire wadda ta kumbura, in Allah ya yarda za ta warke, ƙashin ya dawo a hankali."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Wacce ce a cikin huɗun?"

"Ban sani ba sai na buɗe."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Ba ka sani ba?"

"Jini ya gaya mini tana nan, bai gaya mini wurin ba. Zan yanka nan ƙasan wuya, in duba duka huɗun da idona, in cire mai laifin. In na yi goma, nakan same ta a tara ko fiye. Ranar Litinin akwai wuri, na riga na sa sunanta."

A nan jinin dillanci ya motsa mini. Ni da ko akuya ban taɓa saya ban ga haƙoranta ba, a ce in miƙa wuyan yayata a yanka a yi lalube? Na ce masa, "Likita, ka yi haƙuri, amma wannan ai cinikin biri a sama ne. A zamanin nan da ake zuwa wata, a ce babu abin da zai nuna wurin kafin a sa wuƙa?"

Bai ji haushi ba. Ya ce akwai wata sabuwar na'ura da aka kawo wani asibitin kuɗi a Ikko, ana goga ta a wuya ta nuna abin da ke ciki ba tare da an yanka ba. Ya ce wani lokaci takan nuna, wani lokaci ba ta nunawa, kusan rabi da rabi ne. In ta nuna, aikinsa kan ɗan ragu. Inda take da amfani sosai shi ne in an buɗe mutum sau ɗaya ba a samu ba, za a sake shiga wurin da ya riga ya yi tabo. "Amma ita yayarka ba a taɓa buɗe ta ba," in ji shi. "Ko hoton ya nuna ko bai nuna ba, yanka ɗaya zan yi, a wuri ɗaya. Ba kuɗin nake ji maka ba, na san kana da su. Hanyar nake ji, da kwanakin. Ƙashinta ba zai ɗauki jijjiga ba."

Na shiga kaɗa makullin mota. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai in za ka san saniya tana da kitse, hoto kake ɗauka?"

"Hannu nake sawa."

"To ni ma haka."

Na ce, "Amma ni sai na ga saniyar tukuna nake sa hannun." Har na ji daɗin amsar nan, ina ganin na kayar da mai boko a ofishinsa.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ke raina a ranar, tunda na daɗe ina juya shi. Akwai tsoro, ban musa ba. Amma tsoron bai kai rabin sauran ba. Na riga na ji bakin mutanen kara a kunnena: Sabo mai tirela ya bari an yanka yayarsa a makance a asibitin gwamnati, alhali wane ya kai ubansa har Ingila. Ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da ya fi shi muni. Na san na yi shekara biyu ina gaishe ta daga bakin ƙofa. Ina son in yi wani abu babba, mai tsada, mai jirgin sama a ciki, wanda zai shafe shekara biyun nan a tashi ɗaya. Tiyatar Litinin ba za ta yi mini wannan ba, don ba hannuna a cikinta.

Ranar Asabar da hantsi na shiga ɗakin matan. Yaya tana zaune a gado, hannunta a ɗaure. Na ce mata ta shirya, za mu Ikko a ɗauki hoton wuyanta kafin a yi aiki.

Ta dube ni ta ɗan jima. "Likita ne ya ce?"

"Shi ya ce."

"Da kai za mu?"

"Da ni mana. Ƙafata ƙafarki."

"To," in ji ta. Ta fara naɗe zanenta da hannu ɗaya.

Aka ba ni takarda na sa hannu cewa ni na fitar da ita da kaina. Likita Halliru ya rako mu har bakin baranda. Bai ce komai a gabanta ba. Da ta shiga mota sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, abu ɗaya. Kada ta faɗi." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kwana uku za mu yi.

Kwana goma sha tara muka yi.

A Agege muka sauka, gidan Alhaji Maikano, fatoman da nake sauke shanuna a hannunsa. Mutumin kirki, ya ba ta ɗaki a cikin gida kusa da na matansa. Damina ce, ruwan Ikko kuwa ba ya gajiya. Washegari muka je asibitin, ga na'ura nan an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar amarya, amma wanda ya iya sarrafa ta ya tafi hutu ƙasarsu, sai mako mai zuwa. Da ya dawo, wuta ta lalata wani abu a cikinta, ana jiran a kawo. Da aka gyara, ga layin masu kuɗin Ikko da suka riga mu. Na yi faɗa, na buga tebur, na zaro kuɗi na nuna. Wata ma'aikaciya ta dube ni sama da ƙasa ta ce kowa a layin nan yana da irinsu. Kullum dai maganar ɗaya ce, ku dawo jibi.

Tunda ba ni da shanu a ƙasa, ba ni da abin yi. Sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta in zauna, ruwa yana zuba a kwano. Nakan sayo mata gasasshiyar masara, in ɓare mata tunda hannu ɗaya gare ta. Ta yi ta ba ni labarin innarmu, wadda ban san fuskarta ba: wai doguwa ce, wai in tana daka ana jin waƙarta har gidan maƙwabta. Ta ba ni labarin yadda na taɓa cusa ƙwayar gujiya a hanci, ta goya ni da gudu zuwa wurin wanzami tana kuka ina dariya. Mantuwar da ke damunta ba ta taɓa waɗannan ba. Ta yi dariya a kwanakin nan fiye da yadda na ji ta yi a shekara goma. Ni kuwa rabin hankalina yana Wudil, ina ƙirga Juma'o'in da suka wuce ba ni a kara, ina cizon yatsa.

Rana ta goma sha bakwai aka kira mu. Aka kwantar da ita, aka shafa mata wani abu mai yauƙi a wuya, aka yi ta goga wani ƙarfe. Ko minti ashirin ba a yi ba. Likitan wurin ya fito da ɗan hoton nan, ya kira ni gefe, aka samo mai yi mana tafinta. Mutum ne mai gaskiya, ban ɗora masa komai ba. Ya ce bai ga abin da zai nuna da yatsa ba. Ya ce wannan ba ya nufin babu ciwon, abin ƙarami ne, yakan ɓuya. Ya ce in koma wurin likitan da ya ga jininta, ya buɗe ya duba.

Wato na kwaso mace mai ƙashin karan dawa, na keta ƙasa da ita, don a maimaita mini maganar da aka gaya mini a Kano a kyauta.

Da na fito Yaya ta ce, "Ya fito?"

Na ce, "Ya fito tar." Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, har da mai ɗaurin, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta sa a cikin lalitarta.

Ranar da za mu taso, da sassafe, an kwana ana ruwa. Na riga na sa an fitar da kaya. Yaya ta ce bari ta ɗan watsa ruwa kada ta shiga jirgi da warin jiki. Banɗakin gidan siminti ne, gansakuka ta kama gefensa saboda damina. Matan gidan sun saba, sun san inda ake taka ƙafa. Ina tsaye a tsakar gida ina duba agogo, har na ɗaga murya na ce, "Yaya, a yi sauri, jirgi ba ya jira." Sai na ji bokiti ya kife. Ba wata babbar faɗuwa ba ce, santsi ya ɗauke ta ta zauna da ƙarfi. In da yaro ne, da tashi zai yi ya kaɗe zane. Ita kuwa ƙashin ƙugunta ya tafi.

Ba ta yi ihu ba. Da matan suka rufe ta da zane suka ce in shigo, na tarar tana salati a hankali, gumi yana zubo mata. Ta ce, "Auta, kada ka ɗaga ni. Ƙafar ba tawa ba ce."

A kwance muka dawo da ita Kano. Ban san yadda zan kwatanta muku tafiyar nan ba, kuma ba na so. Na shiga ofishin Likita Halliru na ajiye masa hoton a tebur, don na ari shi daga lalitarta. Ya ɗaga, ya duba, ya mayar mini. Na tsaya ina jira ya ce ai na gaya maka. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Allah ya sa kaffara ne. Alhamis za mu yi wuyan, likitan ƙashi zai ga ƙugun."

Ranar Alhamis aka shiga da ita. Ban gama jan carbi na uku ba, a ganina, sai ga shi ya fito da 'yar kwalba a hannu. A ciki akwai wani ɗan nama ja-ja, bai kai ƙwallon dabino ba. Ya ce a ƙasa ta hagu ya same ta, a inda aka saba samunta. Yankan da ya nuna mini da yatsa tun ranar farko, shi ya yi, bai ƙara ko kaɗan ba.

Na ce, "Ashe hoton nan banza ne."

Ya ce, "A'a, kada ka ce haka. Watan jiya ni da kaina na tura wani mutumin Gaya can, bayan na buɗe shi ban samu ba. Shi kam hoton ya amfane shi. Kowane kaya da mai shi."

Yaya ta warke daga ciwon da ya kai mu. Ƙishirwa ta tafi, tsakuwa ba ta dawo ba, kanta ya dawo garau har ta koma yi wa mutane gyaran lissafin gyaɗa. Ƙasusuwanta suka yi ƙarfi a hankali, kamar yadda likita ya faɗa. Sai ƙugun. Lokacin da ya karye ƙashin ya yi laushin da ba zai riƙe ƙarfe ba, haka ya haɗe a karkace, ƙafar ta gajarce. Da sanda take zuwa bakin ƙofa, da sanda take komawa. Garwar man tana nan a bayan ɗaki ta yi tsatsa. Hanyar Dagumawa zuwa Wudil, wadda ta taka shekara ashirin, ba ta sake taka ta ba.

Na sa aka yi mata ɗaki na siminti da kwano. Na sayo mata rediyo. Na biya mata Makka, aka yi mata ɗawafi a kan makara irin ta marasa ƙarfi. Ita kuma ta sa hoton a gilashi, tana nuna wa kowa. Wata rana a gaban baƙi ta ce in nuna musu inda ciwon yake a ciki. Na ɗora yatsa a kan wani farin tabo na ce ga shi nan. Suka yi ta mamakin ilimin zamani. Da na fita sai da na tsaya a bayan gida na tofar da yawu, bakina ɗaci.

Shekara uku ina ɗauke da abin nan. Hansai kaɗai na gaya wa, ita ma sai da ta matsa mini, ganin ba na cin abinci sosai. Ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Mai haƙƙin tana Dagumawa, kuma rai ba a hannunka yake ba." Na yi mata tsawa, na ce ta san me. Amma maganar ta zauna.

Wata Juma'a da safe, a kan hanyata ta zuwa kara, na juya kan mota na nufi Dagumawa. Na ce yau sai na sauke. Na tarar da ita a bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ƙafar a miƙe, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na durƙusa.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Auta. Ina gajiya? Ya Hansai, ya yaran?"

"Duk lafiya, suna gaishe ki. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta gode Allah. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi." Ta ci gaba da ɓara. Na ce, "Yaya, wata magana ce ta kawo ni. Na yi miki ƙarya, kuma ƙaryar ce ta zaunar da ke a nan. Likita bai ce a je Ikko ba. Hana ni ya yi. Ya riga ya sa ranar aiki, ni na ɗauke ki. Hoton nan kuma babu komai a cikinsa, wanda ya ɗauka ma ya ce bai ga komai ba. Tabon da nake nuna wa mutane, ni ban san ko mene ne ba. Ki yafe mini, ko kada ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

Ban iya duban fuskarta ba, hannunta nake kallo. Hannun bai tsaya ba. Ta fasa gyaɗa, ta zuba ƙwayar a faranti, ta jefar da ɓawon.

"Litinin ɗin?" in ji ta. "Ai na sani."

Na ɗago kai.

"Tun ranar Juma'a nas ta zo ta gaya mini. Ta ce Litinin za a yi mini aiki, kada in ci komai daga daren Lahadi. Har ta duba wuyana ta ce in cire tsakiyar wuya in ba dangi su ajiye. Da ka shigo Asabar kana cewa likita ya ce, na san ba shi ya ce ba. Kai tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka kama kunnenka."

"Kin sani, kika bi ni?"

"Na bi ka."

"Don me, Yaya? Kalma ɗaya za ki faɗa, da yanzu kina kasuwa."

Ta ture farantin gefe, ta kakkaɓe zanenta. Babu fushi a muryarta, da akwai ma da ya fi mini.

"Na tambaye ka da kai za mu, ka ce ƙafarka ƙafata. Shekara biyu ina kwance, ban ga tafin ƙafarka a ɗakina ba, sai shinkafa. Na ce a raina, in aka yi aikin nan Litinin, Talata zai aiko direba da lemo. In kuwa muka tafi, dole ya zauna. Kai kaɗai ka iya ciniki? Ni ma na auna nawa." Ta ɗan yi dariya. "Kwana uku na sa rai, Allah ya ba ni goma sha tara. Ban san da kuɗin ƙafa zan biya ba, da na sani wataƙila da na taya ƙasa da haka. Amma an riga an sallama."

Na ce, "To hoton fa? Kin san babu komai a ciki?"

"Ni ina ruwana da abin da ke ciki. Na taɓa ce maka ciwon nake kallo?"

Ina durƙushe a wurin, hawaye yana sauka a kan shaddata, ni da ko a jana'iza ba a taɓa ganin hawayena ba. Na zo da laifi ɗaya a hannu in ajiye, ashe ƙaramin na ɗauko, babban yana nan inda na bar shi tun kafin a san da wani hoto. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta jawo farantinta, ta ɗauki wata gyaɗar, ta karkata kai wajen ƙofar gida kamar mai sauraron wani abu.

"Na yafe maka, Auta, tun a Ikko," in ji ta. "Tashi ka tafi, kada kasuwa ta ci ba kai. Ga motarka can ina jin ta, ba ka kashe ba."

Na duba ƙafata. Takalmina yana nan a ƙafata, a bakin ƙofa.